Buhu Ɗaya, Suna Ɗaya

Ƙarfe goma na dare a Tawa,
ofishin ƙungiyar masu albasa.
Fanka na juyi kamar ana bin ta bashi,
ni da baƙin allon na'ura mun zuba wa juna ido.

Da asuba motoci za su ɗaga zuwa Abijan,
kafin nan sai na haɗa takardun awo
na garuruwa huɗu, in ƙulle, in tura.
Na ce wannan ai shan ruwa ne.
Na zuba sunayen a ma'aji guda:
Galmi, Gidan Idar, Sabon Gida, Birnin Ƙonni.
Na manna masa alamar dala a goshi,
na miƙa wa umarni, na ce je ka.

Huɗu na aika, bakwai ya ƙirga.
Galmi kaɗai ya gane.
Gidan? Babu shi.
Idar? Babu shi.
Sabon ya yi gabas, Gida ya yi yamma,
Birnin da Ƙonni sun raba gari
kamar ƴan'uwa bayan rabon gado.
Ashe duk inda ya ga fili tsakanin kalmomi
nan yake kafa dutsen iyaka.

To, na ce, bari in ɗaure.
Ƙaho biyu a farko, ƙaho biyu a ƙarshe.
Ya tafi neman gari ɗaya tak
mai suna doguwa kamar hanyar Agadas,
ya dawo ya ce ba a taɓa jin sa ba.
Na cusa ƙahonin a cikin ma'ajin kansa,
ya haɗiye su kamar sauran haruffa,
ya shiga cigiyar wani Sabon mai ƙaho a ka.

Kawu Assumana mai gadi ya turo ƙofa
da kofin shayi, kumfa har baki.
"Mi ya hana ka kwana?"
Na faɗa masa, don dai in huce.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Shekara talatin ina lodi a tasha.
Ba a juye albasar mutum huɗu tsibi guda
a ce direba ya tantance a hanya.
Ba a kuma ɗinke ta a buhu ɗaya.
Kowa da buhunai, da sunanai da gawayi,
sannan igiya guda ta bi ta bisa."

Na buɗe baka biyu, kamar bayan mota.
Kowane gari na sa masa ƙahoninsa,
na jera su kafaɗa da kafaɗa.
Wajen kira na sa harafin nan
mai naɗe da wutsiyarsa kamar kyanwa,
na rufa wa duka mayafi ɗaya.
Huɗu suka tafi.
Huɗu suka isa.
Gidan Idar bai rasa Idar ba.

Shayin ya huce, ban lura ba,
don na tuna magatakardan da ya yi mini takardar haihuwa.
Mahaman Lawali aka raɗa mini ranar suna,
da rago ɗaya, da numfashi ɗaya.
Shi ya ga fili a tsakiya,
ya sa Mahaman a layin yaro,
ya sa Lawali a layin uba,
Illiyasu da ya haife ni ya faɗo daga takarda.
Har yau a banki ɗan Lawali nake,
mutumin da bai taɓa zuwa duniya ba.

Na kashe na'ura.
A waje wani yaron mota na bubbuga taya,
warin albasa ya cika unguwa.
Gobe Juma'a, inna za ta kira waya,
za ta faɗi sunan nan dukansa
ba tare da ta tsaya a tsakiya ba.